Sayen Yashi da Nura Domin Wani Tsohon Bango a Jidda

Bangon tsawonsa mita 12 ne, tsayinsa mita 3, kaurinsa ya ɗan haura rabin mita. Shi ya raba tsakar gidan gwaggona da lungu, a kudancin tsohon garin Jidda, ba nisa da inda ganuwa ta bi kafin a rushe ta a 1947. Da dutsen mangabi aka gina shi kamar sauran gidajen Balad, wato tsohon garin. Dutsen murjani ne da ake sarowa daga bakin teku da kewayen tafkin Arba'in, mai laushi, mai huji-huji, ƙusa ma tana kankare shi. Maginan da, da taɓon tafkin suke ɗora shi. Bayan kowane 'yan layuka sai su shimfiɗa katako a kwance, wanda suke kira takalil, don ya ɗaure ginin ya raba nauyi. In sun gama sai su shafe fuskar da nura, wato ƙonanniyar farar ƙasa, su bi da farin ruwanta.

Kakan Hajiya, wato gwaggon tawa, a ƙasa ya zo daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya haye teku daga Sawakin, bai koma ba. Gidan ya shigo hannun zuri'arsa daga baya. A shekarun da kuɗin mai suka yi yawa siminti ya cika gari, marigayi mijinta ya ga tsohon shafen yana zuba, ya kira birkila ya cike tsakanin duwatsun da siminti, ya kuma yi filasta daga ƙasa zuwa kamar ƙirjin mutum. A lokacin kowa haka yake yi, kuma gyara ake ganin an yi.

Da muka duba bangon, filastar tana nan lafiya lau a ido. Amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji rim-rim, babu komai a baya. Mu'allim, tsohon maginin da Hajiya ta aika a kira, ya sa bakin guduma ya ɓamɓaro wani ɓangare mai faɗin faranti. Bayansa gari ne fari mai danshi, yana zubowa da kansa. Ya dangwala ya ɗanɗana, ya tofar, ya miƙo mini in ɗanɗana. Gishiri ne zalla. Sama da inda filastar ta tsaya kuwa, simintin da aka cusa tsakanin duwatsu ya fito zuru-zuru kamar saƙar zuma, duwatsun sun lotsa ciki da zurfin yatsa biyu. Ƙarshen takalil ɗaya ya yi baƙi, gara ta shige shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki na Jidda yana kusa, kuma mai gishiri ne, ga yoyon famfo da na bayyara, wato ramin masai, suna ƙara masa. Lungun ma an yi ta ɗora masa shimfiɗa a kan shimfiɗa har ya fi tsakar gida tudu. Bango yana tsotsar wannan ruwa daga tushe, ruwan ya hau, ya nemi inda zai fita ya bi iska. Duk inda ya bushe, nan yake barin gishirinsa. In shafen nura ne, ta cikinsa ruwan ke fita, gishirin ya taru a shafen, shafen ya lalace a hankali a sake wani. In siminti ne, hanya ta toshe. Ruwan sai ya ƙara hawa sama, ya fita ta jikin dutsen, gishirin ya daskare a cikin hujojinsa ya farfasa shi daga ciki.

Gardamar siminti

Yaya, babban ɗan Hajiya, shi ke biyan kuɗin aikin. Ni kuma aka ɗora mini sayayya don ina da wanet, wato a-kori-kura. Yaya bai ƙi nura ba, amma zuciyarsa ba ta kwanta da abin da aka ce masa zai yi makonni bai yi tauri ba.

"Baba, a sa ko da kwano ɗaya na farin siminti a kowane kwaɓi mana, don ya yi ƙarfi."

Mu'allim ya nuna masa ɓallin filastar da ke ƙasa. Ko tsagewa bai yi ba da ya faɗi. "Alhaji, in ƙarfi kake nema ga shi nan, ɗauki abinka. Shi bai ji komai ba, bangon ne ya ji."

Hujjar Mu'allim ita ce duk abin da za a cusa tsakanin duwatsu dole ya fi dutsen laushi, ya kuma fi shi shan ruwa, don in ɗaya zai lalace ya zama mai sauƙin canzawa ne. Kwaɓi ana sake shi da rana ɗaya. Mangabi kuwa an daina saro shi, sai dai a tsinto a ɓaraguzan gidajen da suka faɗi. Ɗan simintin da Yaya ke roƙo ma ba ya kawo abin da ake zato: ƙaramin kaso ba ya ba da ƙarfin kirki, sai dai ya toshe hujojin da nura ke numfashi da su, ya kuma shigo da nasa gishirin.

Akwai kuma hukuma. Tun da UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 ido ya dawo kan yankin, yanzu yana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Al'adu. A 2019 an ware riyal miliyan 50 don ceto gine-gine 56 da ke gab da faɗuwa. Bangon Hajiya ba ya cikin waɗannan, amma ba a taɓa gini a nan sai da izini. Injiniyan da ya zo dubawa bai daɗe ba, abin da ya faɗa kuma shi ne abin da Mu'allim ya riga ya faɗa. Yaya ya ce khalas, tun da an yi masa taron dangi.

Farin gari kala uku

A da samun nura ba wahala. Ana ƙona ta a Nawwariyya, arewa da Makka, a Jidda kuma daga dutsen murjanin kansa. Ko a 'yan shekarun baya Mu'allim ya san ƙananan kantunan da ke ajiye ta. To, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi Hindawiyya da Sabil da Karantina da wasu unguwanni da dama, masu kantunan suka watse, shi kansa Mu'allim ya koma can gabashin gari. Sai aka koma neman abu daga tushe.

Matsalar farko, in ka shiga kantin kayan gini ka ce nura, yaron kanti zai iya miƙo maka kowane farin gari da ke kusa da hannunsa. Akwai jibs, wato garin POP, akwai farin siminti, akwai garin alli da masu fenti ke haɗa ma'ajun, kwaɓin lailaye bango, da shi, dukkansu fari fat. Wani kantin ma a buhun da ba rubutu yake sayarwa, ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Jibs yana narkewa a bango mai danshi, alli kuma ba ya kama komai.

Mu'allim ya sa na karɓo ɗan kaɗan daga kowane wuri a leda. Ya jera kofunan shayi na takarda a kan dakali, ya dama kowanne da ruwa, ya rubuta sunan unguwar da aka samo shi a jikin kofin. Kafin mu gama shan shayi ɗaya ya daskare, har kofin ya yi ɗumi: jibs ke nan. Washegari wani ya zama dutse: farin siminti. Uku suka rage da laushinsu. Sai ya aika cikin gida a karɓo masa kurkum wajen Hajiya, ya barbaɗa a kan kowanne ya juya da tsinke. Biyu suka koma ja jawur nan take, na ukun da ƙyar ya ɗan sauya daga rawaya. Na ukun alli ne, ko nurar da ta daɗe har ta mutu.

Mutuwar nura tana bukatar bayani, don a nan mai saye ya fi cutuwa. Dutsen farar ƙasa ake ƙonawa a zafin da ya kai kamar digiri 900, iskar kabon ta fice daga cikinsa, ya zama nura mai rai. In aka zuba ta a ruwa sai ta tafasa da kanta ta zama kullu. A jikin bango kullun nan yana sake shaƙar iskar kabon a hankali, ya koma dutsen da ya fito daga gare shi. Taurinta ke nan. Amma ba ta san bambancin bango da buhu ba. Garin da ya shekara a sito, a gari mai laima irin Jidda, ya riga ya shaƙi iskarsa tun yana ajiye, ko an kwaɓa shi ba zai kama ba. Shi ya sa ake duba ranar da aka buga a jikin buhu, a ƙi wanda ya yage, a ƙi wanda aka ji ƙullutai a ciki.

Nura mai rai ita Mu'allim ya fi so, da ita ya koyi aiki. Wanda muka samu yana da ita da masana'antu yake hulɗa, ya ce ba ya buɗe sito don ƙasa da tan. Muka haƙura da garin da aka riga aka kashe a kamfani, sabon fitowa, mai kilo 25. Aka jiƙa shi gaba ɗaya a durom na roba, ana barbaɗa garin a kan ruwa ana juyawa, aka bar ruwa ya rufe samansa da kamar tafin hannu, aka rufe. Kwana ɗaya ma yana isa a fara aiki da shi, amma iya daɗewarsa iya santsinsa, kuma muddin ruwa na kansa ba ya lalacewa. Namu ya yi kusan wata uku.

Yaya bai zauna ba shi ma. Ya shiga intanet ya gano nurar Turai mai kamawa ko a cikin danshi, wadda ake rubuta wa NHL, ya samo mai shigo da ita daga Faransa. Kala uku ce: 2 da 3.5 da 5. Shi 5 yake so, don ita ce babbar lamba. Abin da ba a cika lura da shi ba, lambar nan mafi ƙarancin ƙarfin da kwaɓin gwaji zai kai ne a kwana 28. Ƙa'idar Turai ta yarda 3.5 ta kai har 10 a ma'aunin ƙarfi na megafaskal, ita kuwa 5 har 15, kuma tana ci gaba da ƙara tauri bayan wannan. A kan dutse mai tauri babu laifi. A kan mangabi, 5 ta kusa zama siminti da wani suna. Mai lamba 2 ba ta samuwa a lokacin. Aka sayi buhu biyu na 3.5 don gwaji, kowanne kuɗinsa ya ninka na buhun siminti sau da yawa.

Yashi

Kashi uku cikin huɗu na abin da ake aunawa a kwaɓi yashi ne. Shi ne mafi araha a takardar lissafi, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Baƙo zai yi dariya a ce ana wahalar yashi a Saudiyya. Amma rairayin sahara iska ce ta yi ta mirgina shi har ya zama mulmulalle, ƙwayoyinsa kusan girma ɗaya, ba sa cije juna. Yana shan nura da yawa, in ya bushe ya tsattsage. Na bakin teku gishiri ne, wato cutar da ake magani ita za a sake ɗurawa. Kuma ba a zuwa kwari da shebur a ɗebo yadda aka ga dama, ɗibar yashi ba lasisi laifi ne mai tara. Dole ta hannun masu sayarwa za a bi.

Samfuri huɗu aka tara. Jan rairayi. Farin yashin filasta na buhu daga wani kanti, wanda aka ce wankakke ne. Yashin kassara, wato garin dutsen da injin ya niƙa. Sai batha, yashin kwari, daga wajen Bahra inda Wadi Fatima ya bi. Wannan na ƙarshen wani Bahaushe direban ƙaramar motar kaya da ake kira dina ne ya kai ni wurinsa, ya ce masu aikin tsofaffin gidaje can suke saye.

Gwajin farko da hannu ne. Mu'allim yakan damƙi yashi ya murza kusa da kunnensa. Mai kyau yana ƙara, ƙaras-ƙaras, yana kartar tafin hannu, in ka zubar hannunka ya fita fes. Jan rairayi shiru ya yi, ya zurare ta tsakanin yatsu. Na kassara ya yi ƙara sosai amma ya bar hannu fari da ƙura.

Na biyu da kwalba. A zuba yashi zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ya kwana. Manyan ƙwayoyi su zauna a ƙasa, ƙanana a kansu, laka ta kwanta a can sama. In lakar ta wuce kamar kashi 5 cikin 100 na tsayin yashin, sai an wanke ko a bar shi. Na kassara ya tara laka mai kaurin yatsa, ruwansa bai washe ba har washegari, ga shi launinsa toka-toka mai duhu, wanda zai ɓata farin bango. A kwalbar batha kuwa kana ganin hawa-hawa ƙarara, daga masu girman gero zuwa masu laushi, da siririn layin laka a sama. Wannan gaurayen girma shi ake nema, ƙanana su cike tsakanin manya.

Na uku shi ya fi burge ni, don shi ke faɗa maka yawan nurar da yashin ke bukata, ba sai ka bi abin da aka saba faɗa ba. A shanya yashi ya bushe ƙarau, a cika gwangwanin lita ɗaya da shi, a riƙa zuba ruwa da ma'auni har ya taso daidai da bakin yashin. Ruwan da ya shige shi ne girman gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin, nura kuma wannan gurbin za ta cike. Batha ta sha kusan mililita 330, wato kashi ɗaya cikin uku, daga nan awon nura 1 yashi 3 ya fito. Jan rairayi ya sha kusan 400. Da an bi awon 1 da 3 da shi, kwaɓin zai fito da yunwa.

Gwajin gishiri kuma Yaya ne ya kawo dabararsa, a ba shi haƙƙinsa. Harshe yana gane gishiri mai yawa ne kawai. Shi kuwa yana da ɗan alƙalamin nan da masu haɗa matatar ruwa ke tsomawa a kofi su ga yawan abin da ya narke a ciki. Aka auni yashi daidai wa daida a kofuna huɗu, aka zuba ruwan batir, wanda ba komai a cikinsa, aka juya aka bari ya kwana. Farin yashin buhu, wanda aka rantse wankakke ne, lambarsa ta ninka ta batha nesa ba kusa ba. Wataƙila mai kantin bai yi ƙarya ba, an wanke shi ɗin. Tambayar da ba a yi ba ita ce da wane ruwa. In da ruwan rijiya mai zartsi aka wanke, laka ta tafi, gishiri ya zauna. Tun daga nan in aka ce mini magsul, wato wankakke, sai in tambayi ruwan. Ruwan kwaɓin ma haka: na famfo, wanda aka tace daga teku, shi aka yi amfani da shi, ba na kowace wayit, wato tankar ruwa, da ta zo wucewa ba.

Batha ta ci, amma da gyara. Tana da tsakuwa, sai da aka tankaɗe ta da rariya mai ido milimita 5. Ƙa'idar ita ce babbar ƙwaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗin tsagar da za a cike, tsagogin bangon nan kuma kusan santimita 2 ne. Jan rairayin ma bai tashi a banza ba. Don shafen ƙarshe Mu'allim ya haɗa awo ɗaya nasa da huɗu na batha da aka tankaɗe da rariya mai ƙaramin ido, ya ce yana sa cokali ya yi gudu.

Nawa za a saya

Duwatsun bangon kusan santimita 40 ne a 25. Da wannan girma, kowace murabba'in mita tana da tsaga mai tsawon kamar mita 6 in aka haɗa na kwance da na tsaye. Faɗi santimita 2, zurfin da za a ƙwaƙule 5, ya ba da lita 6. Fuska biyu murabba'in mita 72 ne, lita 432 ke nan. Mu'allim ya ce a ƙara rabin wannan, saboda ramukan da ba a gani sai an buɗe da abin da zai zube ƙasa. Ya zama kusan lita 650.

A nan mutane ke kuskuren lissafi. Awo 3 na yashi da awo 1 na nura ba sa ba da awo 4 na kwaɓi, 3 suke bayarwa, don nurar cikin gurbin yashin take shigewa. Saboda haka lita 650 na kwaɓi na bukatar lita 650 na yashi, kusan tan ɗaya, da kullun nura kamar lita 215, wanda buhu 6 ke bayarwa. Shafe mai kaurin santimita 2 a fuska biyun kuma ya fi ciko ci: lita 1,440, nura buhu 12. Aka sayi buhu 20, aka jiƙa a durom huɗu. Yashi aka sayi lita 3,000, don rariya za ta ci nata, kuma yashi mai danshi yana kumbura, yakan ƙaru da kashi 20 cikin 100 ko fiye, sai ka ga mota cike alhali ba haka yake ba. Ko wajen awon kwaɓi sai an lura da wannan, in yashin na da laima a ɗan ƙara shi.

An saye shi gaba ɗaya a lodi guda, don launin kwaɓin nura daga yashi yake zuwa, lodi biyu kuma ba sa zama kala ɗaya ko daga rami ɗaya suka fito. Gallab, wato tifa, ba ta shiga lungun. Dina ta sauke a baki, lebura biyu suka yi ta jigila da baro. Kuɗin mota da na leburan ya fi kuɗin yashin kansa. Aka zuba shi a kan tamfol, ba a ƙasa ba, don ƙasar tsakar gidan ita ma gishiri ce, aka rufe saboda kyanwoyin Balad, waɗanda ba sa ganin tarin yashi su wuce.

Gwaji a jikin bango, sannan aiki

Kafin a taɓa bangon gaba ɗaya, an cike wurare uku masu faɗin tabarmar salla. Na ɗaya nura da batha kawai. Na biyu an rage yashin kaɗan an maye gurbinsa da garin jan bulo da aka daka, tsohuwar dabarar da ke sa nura ta ɗan kama ko da danshi. Tsohon bulo mai laushi aka nema, don wanda aka gasa da wuta mai tsanani bai cika yin wannan aiki ba. Na uku NHL 3.5 ɗin Yaya.

Bayan wata ɗaya Mu'allim ya miƙa wa Yaya ƙusa ya ce ya karta da kansa. A na ɗaya ƙusar ta shiga cikin sauƙi. A na biyu ta ja layi, da ɗan ƙoƙari. A na uku ta zame, da ya matsa gefe kan dutsen sai ta nutse. Yaya ya daɗe yana kallon ƙusar. Aka tsaya a kan na biyu daga tushe zuwa mita ɗaya, na ɗaya daga nan zuwa sama. Na Faransa aka yi wa kan bangon hula da shi, inda ruwan sama ke sauka kai tsaye, nan kam ya dace.

A Disamba aka fara. Da zafi ba a wannan aiki. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ma doka ta hana aiki a rana tsakanin sha biyu da uku, kuma nura in ta bushe da gaggawa gari take komawa, don sai da laima take shaƙar iska. Hunturu kuma shi ne lokacin ruwan Jidda, wanda ba ya zuwa sau da yawa amma in ya zo ba ya sallama. Wanda ya ga 25 ga Nuwamban 2009 ko 24 ga Nuwamban 2022 ba sai an ce masa ya ajiye tamfol kusa ba.

Da hannu aka cire simintin, da guduma da ɗan ƙarfe mai faffaɗan baki. Wani lebura ya zo da sarukh, injin yanka mai faifai, Mu'allim ya ce ya mayar da shi mota, don faifan ba ya bambance siminti da dutse. Inda aka tarar da tsohon taɓo da lafiyarsa a ciki, an bar shi. Duwatsu tara da suka ruɓe aka canza da na tsinto, bayan an jiƙa su an sauya musu ruwa sau da dama. Kafinta ya yanke ƙarshen takalil ɗin da gara ta ci ya dasa sabo.

Kwaɓin ba a ƙara masa ruwa. Da farko kamar ba zai haɗu ba, sai an yi ta dukansa da bakin shebur ana juyawa, can sai ya yi laushi ya kama jikinsa. A jiƙa tsagar, a danna shi ciki da ƙarfi, kaurin santimita 2 a lokaci guda, a bari ya ɗan tsaya kafin a ɗora wani. In ya kai yadda yatsa ba ya lotsa shi amma farce na shiga, sai a bubbuga fuskarsa da burushi mai tauri, ƙwayoyin yashi su bayyana. Daga nan a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana goma. Yayyafin nan jikokin Hajiya ne suka karɓe shi, amma an hana su zuwa kusa da durom. Nura tana cin fata, in ta shiga ido kuma sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a wuce asibiti. Mu'allim da kansa, mai raina safar hannu, ba ya kwaɓi sai da tabarau.

Abin da ya biyo baya

Wata biyu da gama ciko, wani farin gashi-gashi ya fito a layukan ƙasa, a kan sabon kwaɓin. Yaya ya kira Mu'allim a waya ransa a ɓace.

"Baba, gishirin nan fa ya dawo. Kuɗin da aka kashe fa?"

"A kan dutsen ya fito ko a kan kwaɓin?"

"A kan kwaɓin."

"To, alhamdu lillahi. Ku share da busasshen burushi, ku kwashe ku zubar a waje. Kada wanda ya wanke da ruwa, komawa ciki zai yi."

Gishirin shekaru ne ke fita, kuma ta hanyar da aka buɗe masa. Mu'allim bai ɓoye wa kowa ba cewa layukan ƙasan nan za su riƙa neman sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, muddin ruwan ƙasa na nan. A ganina Yaya yana da gaskiyarsa da ya ce da tun farko aka faɗa masa haka da baki buɗe, kafin ya sa hannu a aljihu. Tsofaffin magina sukan ɗauka kowa ya san abin da suka sani.

An shafe saman bangon da fuskar cikin gida, hawa biyu, aka bi da farin ruwan nura tsararo sau huɗu. Rabin mita na ƙasa ta gefen lungu kuwa har yanzu a buɗe yake. Wuri ɗaya ya ƙi bushewa, da aka bi sawu sai aka ga tiyon na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta ne ke ɗiga a gindin bangon dare da rana. Yaya ya ce zai rubuta wa baladiyya, wato hukumar gari. Hajiya ta ce ba za a kai maƙwabcin shekara arba'in ƙara a kan tiyo ba, ita za ta shiga ta yi magana da matar gidan. An ware buhu takwas na tankaɗaɗɗiyar batha da rabin durom na nura don wannan wurin, Mu'allim kuma ya ce a kira shi bayan an kawar da tiyon da wata biyu.